Ɗalibina Mai Furfura

Litinin, da hantsi

Yarinyar asibiti ce ta ɗora min wannan aikin. Ita ce mai koya wa marasa lafiya magana, 'yar siririya mai tabarau, kullum jakarta cike da katuna masu hotuna, shi ya sa na raɗa mata 'Yar Kati. Ta ce in sami littafi, duk kalmar da Direba ya furta in rubuta ta, in kai mata idan mun koma. Na ɗauko ɗaya daga cikin littattafan 'yan ajina, na yage shafukan da aka cika da zanen kaji, na feƙe fensir, na zauna. Tun safe nake zaune, fensirin bai taɓa takarda ba.

Tunda shafin ya ƙi cika da bakinsa, bari in cika shi da nawa. Dama a gidan nan ni ce rediyo, shi ne mai kunnawa ya yi barci ya bar ta tana yi.

Direba mijina ne, ko da wani zai tsinci littafin nan. Ba ya son sunan. Ya ce shi malamin tuƙi ne, direba mutane yake kaiwa, shi kuwa direbobin yake ƙerawa. Saboda haka nake kiransa da shi tun muna da baƙin gashi. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma babu yaron da ya tashi a layin nan da bai fara riƙe alli a ɗakina na gaba ba. Iyaye su tafi aiki su zube min su, in koya musu haruffa da ƙirga da yadda ake fyace majina. Mun tsufa muna musu a kan wa ya fi shan wahala. In ce nawa ɗaliban suna fitsari a wando, ya ce nasa suna iya kashe shi. Har yau ba a raba gardamar ba.

Ranar Asabar aka sallamo mu daga asibiti. Matakalar ɗakinsa ta gagara, sai aka sa masa gado a ɗakin gaba, wato ajina, na kwashe yaran zuwa baranda. Yanzu yana kwance ƙarƙashin hoton haruffa, akuya da balbela a saman kansa. Hannun dama yana ajiye a gefensa kamar baƙon da bai san kowa ba a gidan. Bakin ya ɗan karkace. Sauran ba sai na rubuta ba, wanda ya gani ya gani.

Kalmar yau: babu.

Talata, bayan yara sun tashi

Na fara darasi. 'Yar Kati ta ba ni katuna: kofi, cokali, kujera, takalmi, mota. Da take nuna min yadda ake ɗaga su na ce a raina, yarinya, agwagwa kika zo koya wa iyo. Akwai yaron da aka kawo min yana shekara huɗu ba ya cewa ko uffan, iyayensa har sun haƙura. Yau a tasha yake kiran fasinja, daga ƙarshen layi kana jin sa.

Na jawo bencin yara na zauna gaban gadon, na ɗaga kofi, na rera masa yadda nake rera musu, wannan mene ne, wannan kofi ne. Kafin in sauke numfashi Aku ta leƙo ta ƙarƙashin hammatata ta ce "topi". Aku jikata ce, 'yar Auta ƙaramar 'yata, shekararta biyu da ɗoriya, duk abin da ta ji sai ta maimaita. Uwarta tana aiki a gidan burodi, ubanta yana can nesa wajen nema, saboda haka a bayana take wuni. Na ce wa Direba, ka ga abokiyar karatunka ta riga ka, kuma ita ko haƙoran kirki ba ta da su.

Ya dubi katin, ya dube ni, ya mai da ido rufin ɗaki.

Kalmar yau: babu. Ta Aku: topi, tatami, da wata da ta kwaso a baranda wadda ba zan rubuta ba.

Alhamis, da rana

Yau kam an motsa. Na ɗaga kofin gaske, ba na kati ba, sai na ga leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar mai ɗaga buhu. Ya ce "ko". Ban san lokacin da na ƙarasa masa ba, na ce kofi, na buga tafi, na ƙwala wa 'yan baranda kira su zo su tafa wa Baba Direba. Suka shigo da gudu suka jeru, suka yi masa tafin nan namu mai waƙa, wanda ake yi wa yaron da ya ƙirga har goma. Na zaro alewa daga gwangwani na sa masa a hannun hagu, don haka dokar ajina take.

Ya buɗe yatsunsa a hankali, alewar ta gangara ƙarƙashin gado. Aku ta bi ta.

Tun daga nan fuskarsa tana bango. Na ce masa bangon nan ni na yi masa fenti, babu abin kallo. Ko gezau.

Na dai rubuta: ko. Rabin kalma ma kalma ce a gidan da babu.

Juma'a, da yamma

Bango.

Asabar, da safe

Bango. Ya sha shayi a hannun Auta, ya ƙi sha a nawa. Na ce to, ango, an fara yaji ke nan da tsufa.

Lahadi, bayan la'asar

Manaja ya kira. Shi ne babban ɗanmu, yana wani gari mai nisa, wunin mota guda. Ya tambayi jikin, na ce da sauƙi. Ya faɗi sunan ciwon har sau biyu, kamar yana karanto shi daga takarda. Ni ban taɓa sa shi a bakina ba, ba kuma zan sa shi a nan ba.

Ya ce ya samo wani wuri kusa da gidansa inda ake ajiye masu irin wannan, ana gasa musu jiki, ana koya musu magana safe da yamma. Likita ya gaya masa watannin farko su ne ƙofa, in ta rufe ta rufe. Idan ƙarshen wata ya zo babu canji, zai zo ya ɗauke shi. Na ce ni fa? Ya ce ba a kwana da 'yan uwa a wurin, ziyara kawai ake yi, kuma wa zan bar wa Aku?

Mutumin da ko ruwan wani gida ba ya sha. Mutumin da in na je biki na kwana, sai in dawo in tarar da tukunyar da na bar masa a rufe yadda na bar ta.

Na ce a tambaye shi mana. Manaja ya ce, Mama, kin fi kowa sanin kansa ba ya faɗin gaskiya yanzu. Haka ne. A asibiti an tambaye shi ko sunansa kaza, ya gyaɗa kai. An tambaye shi ko shi mace ce, ya sake gyaɗawa. Na yi dariya a ranar har nas ta harare ni. Dariyar ce kawai nake da ita.

Kalmar yau: babu.

Talata, da muka dawo daga asibiti

'Yar Kati ta duba littafin, ta ga "ko" ɗaya tilo cikin surutuna, ta ce in ba ta labarin yadda aka yi. Na ba ta da alfahari, har da tafin. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, Mama, kada ki riƙa ƙarasa masa. Ki jira. Na ce ina jira. Ta ce nawa kike jira? Na ce kamar yadda ake jiran yaro. Ta ce yaro bai san kalmar ba, shi ya sa ake ba shi. Baba ya san ta, hanyar fitowa ce ta toshe.

Na ce mata na gode, 'yata, takalmin da ke ƙafata ya girme ki. Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma na lura duk bayanin nan a kan kansa muka yi shi, yana zaune a kekensa na marasa lafiya tsakaninmu kamar kaya a tasha, mu biyu muna ciniki.

A hanyar dawowa mai tasi ya shiga kwana bai rage gudu ba. Na ga Direba ya rufe ido. Da can da mutumin nan ya sha wa'azi har ƙofar gida.

Alhamis, da hantsi

Aku ta faɗi a tsakar gida ta buga ɗuwawu, ta waiga ta ga ko akwai mai kallo, ta ga babu, ta tashi ta ci gaba. A wuni takan faɗi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ta kira kaza kare, a yi mata dariya, ita ma ta taya mu. Ba ta da jiya, shi ya sa. Ba ta taɓa iya wani abu ba balle ta ji kunyar rasa shi.

Shi kuwa jiyansa tana zaune a bakin gadon tana kallonsa.

Na gwada katunan a ɓoye, ba waƙa, ba yara. Da ya hango su a hannuna ya ja mayafi da hagu ya rufe kai.

Kalmar yau: babu. Aku ta haɗa biyu, ta ce "Kaka zo".

Asabar, bayan azahar

Mai Kemis ta zo dubiya. Matar nan ce mai shagon magani a bakin titi, wadda ta koyi mota a hannunsa bayan mijinta ya rasu, lokacin ta haura hamsin. Ta shiga ta gaishe shi, ta ba shi labarin yadda wani mai babur ya gogar mata ƙofa, ta tambaye shi ko laifinta ne tunda ta ba da sigina. Ba ta yi masa muryar marasa lafiya ba. Na ga ya juyo daga bango gaba ɗaya yana sauraro.

Da na raka ta baranda na tambaye ta yadda yake koyarwa, don ni ban taɓa sani ba. Sau ɗaya ya gwada koya min, muna da ƙuruciya, na yi ta zuba ina tambayarsa yana shiru, na ce in kurma nake so da na nemo, na fito na bar masa motarsa a tsakiyar fili.

Ta ce ai shirun ne karatun. Ranar farko ta kashe mota ta fi a ƙirga, bai ce mata sannu ba, bai ce ta yi ƙoƙari ba. Sai ya ajiye hannuwa a gwiwa, ya juya yana kallon waje ta taga, kamar ba ya ganin abin da take yi. Ya ce mata yana da saƙo a wajen mai walda, ko za ta taimaka ta kai shi. Kullum da inda za a kai shi. Sai da ta karɓi lasin ta gane babu wani saƙo, yawo kawai suke yi. Ta ce ya taɓa gaya mata babba ba ya son a gan shi yana koyo, so yake a ce ana bukatarsa. Kuma duk kallon tagar nan, ƙafarsa tana kan birkinsa na gefen malami, ba ta taɓa ɗagawa ba.

Ta tafi ta bar ni da bakin buɗe. Shekara da shekaru ina raba gado da mutum, sai mai sayar da maganin tari ce za ta gaya min sana'arsa.

Lahadi, da safe

Na sauke hoton haruffa daga saman kansa. Wurin ya bar fari a bango. Na mai da gwangwanin alewa baranda.

Ban ce komai ba. Wato na ce kaɗan.

Litinin, bayan yara sun tashi

Motar koyon tana nan a tsakar gida tun ranar abin, da jan harafinta na 'yan koyo a gaba da baya, ƙura ta rufe gilas, 'yan ajina sun zana mata fuska da yatsa. Daga gadonsa ana hango ta ta taga. Yau na kama shi yana kallonta.

Wani tunani ya zo min. Ba zan rubuta shi ba tukuna, kada Auta ta karanta ta hana ni. Ni dai na san ban taɓa rasa dabarar yaro mai taurin kai ba. Akwai wanda ya ƙi cin abinci sai da na ce masa na kyanwa ne, kada ya taɓa.

Ƙarshen wata ya matso. Manaja ya turo wa Auta hoton ɗakin da za a sa shi. Gado fari, labule fari, taga tana kallon wani bangon.

Kalmar yau: babu.

Laraba, da yamma

Gobe.

Alhamis

Ba zan iya yau ba.

Juma'a, da hantsi

Bari in rubuta, ko ya sauka daga ƙirjina.

Jiya da safe na sallami yara da wuri. Na ce wa Auta, da yake ba ta da aiki ranar, babanta yana son shan iska a motarsa, ta kira makaniken da ke maƙwabtaka da mu suka ɗauke shi suka zaunar a gefen malami, suka ɗaura masa bel. Da ya zauna ya shafa gaban motar da hagu, ya gyara madubi. Wallahi har ya ɗan miƙe wuya. Na jira makanike ya koma aikinsa, Auta ta shiga ciki da Aku, na zagaya na shiga wajen direba na rufe ƙofa.

Na ce masa, malam, ɗalibarka da ta gudu ta dawo, yau za ka ƙarasa aikinka, ina da saƙo wajen mai walda. Na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Na rantse murmushi ne. Da ma na tsaya a nan.

Tsakar gidanmu tana da ɗan gangare zuwa katanga. Ban tada inji ba, ban ma san yadda ake yi ba. Birkin hannu kawai na sauke. Lissafina shi ne motar za ta gangara a hankali, malamin da ke cikinsa ya farka, ya daka min tsawa ya ce in taka birki, kalmar ta ɓalle ba tare da ya yi shawara da ita ba. In ya so in taka, mu yi dariya, in rubuta.

Motar ta gangara kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na juya ina kallon waje ta taga yadda Mai Kemis ta ce yana yi, amma ina satar kallonsa. Bai dube ni ba. Bai dubi katanga ba. Ƙafarsa ya duba, ta dama, tana ajiye dab da birkinsa, ɗan yatsa ɗaya ne tsakani. Ya dube ta, ya yunƙura har kafaɗarsa ta ɗaga. Ba ta je ba. Birkin hannu yana nan kusa da hannunsa mai lafiya, amma shekarun nan duka ƙafa suka koya wa, ba hannu ba.

Ni kuma da na taka, ashe ba birki na taka ba.

Mun sumbaci katanga. Fitila ɗaya ta fashe, shi ke nan, ko ƙwarzane babu a jikin kowa. Auta ta fito a guje. Shi yana zaune, idonsa a kan ƙafar, ruwa yana bin gefen fuskar da ba ya ji, bai ma san yana zuba ba balle ya share.

A asibiti sun gaya masa halin da ƙafar ke ciki. Ni ma na gani. Amma ina jin shi sai jiya ya sani, kuma ni na kai shi.

Yaro za ka yi masa wayo ya gode maka in ya girma. Wannan ya riga ya girma.

Asabar, da yamma

Bai ci ba. Auta ba ta yi min magana ba sai abin da ya zama dole.

Lahadi

Ruwa kawai, a hannun Auta.

Litinin, da rana

'Yan ajina sun tambaye ni me ya sa ba na ba su labari yau. Na ce labarin ya tafi unguwa. Ɗaya ta ce yaushe zai dawo. Na ba su alli na ce kowa ya zana gidansu.

Manaja ya ji. Ba Auta ta gaya masa ba, makanike ne ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Bai ɗaga min murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, Mama, ba zan jira ƙarshen wata ba, ranar Alhamis ina hanya. Na ce Allah ya kawo ka lafiya. Me zan ce?

Talata, bayan la'asar

Na shiga na zauna a kujera, ba a bencin yara ba. Na ce masa na yi wauta, wautar tsufa wadda ta fi ta ƙuruciya muni. Na ce jibi yaron nan zai zo ya tafi da kai inda za a koya maka da kyau, ba irin nawa ba. Na gaya masa yadda wurin yake, har labulen. Na ce ba a kwana, kuma ba zan iya bin ka ba sai dai ziyara. Babu wanda ya gaya masa sai yanzu. Makonni ana shirya masa tafiya a bakin ƙofarsa da ƙaramar murya, kamar yadda ake shirya yi wa yaro allura.

Ya saurara har ƙarshe. Bai juya bango ba.

Ya karɓi rabin kofin shayi a hannuna.

Laraba, da yamma

Na wanke kayansa na goge. Riguna, huluna, da farar rigar aikin da ke da aljihun biro. Na sa ta a akwati, na cire, na sake sawa.

Aku tana bina tana cewa "Baba ina? Baba ina?" Wa ya koya mata tambaya, oho.

Juma'a, da safe

Manaja ya iso jiya da daddare a gajiye, ya kwana. Yau da sassafe aka sa akwati a but ɗin motarsa, aka kawo keken bakin gado, makanike ya zo taimako. Ɗana ba mugu ba ne, bari in rubuta wannan. Na ga ya tsaya a baranda yana share ido kafin ya shigo.

Da suka sunkuya za su ɗaga shi, na ce a dakata, ba a tambaye shi ba. Manaja ya ce, Mama, mun yi wannan maganar. Na ce da ni ka yi, ba da shi ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to, in Baba ya buɗe baki ya faɗa da bakinsa, ba da gyaɗa kai ba, shi mai bi ne.

Ya durƙusa gaban gadon ya ce, "Baba, ina kake so ka zauna?"

Leɓen ya fara rawa. Jijiyar wuya ta miƙe. Na san amsar, tana kan harshena tana tsalle, ni da ban taɓa barin yaro ya yi daƙiƙa yana lalube ba. Auta ta buɗe baki za ta ce wani abu, na damƙe hannunta. Aku ta shigo da surutu, na nuna wa makanike ƙofa da ido ya ɗauke ta ya fita. Sai na tuna, na juya na kalli waje ta taga. Na ce wa Manaja da hannu shi ma ya kau da kai.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji mai ruwa ya wuce da kurarsa, na ji ya dawo babu kaya. Na ji numfashin Direba yana hawa yana sauka, ya kama wani sauti ya suɓuce, ya sake kamawa ya suɓuce. Manaja ya motsa gwiwa zai tashi. Na cije cikin kumatuna har na ji gishirin jini.

"Nan."

Murya ce kamar ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma tasa ce. Manaja ya ce, "Nan gida, Baba?" Direba ya bugi katifa da hagu, ya sake cewa, "Nan."

Babu wanda ya tafa. Na zauna a kan hannuwana don kada su ci amanata.

Manaja ya daɗe da goshinsa a gefen gadon. Daga baya ya fita ya sauke akwatin da kansa. Ya ce zai yi magana da 'Yar Kati ta riƙa zuwa gida, da mai gasa masa ƙafa. Ya ce min, Mama, makullin motar fa? Na miƙa masa ba musu.

Kalmar yau: nan, sau biyu.

Lahadi, da yamma

Manaja ya koma. 'Yar Kati ta zo jiya, ta zauna da shi su biyu, ni ina baranda ina tsefe wa Aku kai da ƙofa a rufe. Da ta fito na tambaye ta gaskiya. Ta ce wasu kalmomin za su dawo, wasu ba za su dawo ba, kada in sa ran hira irin ta da. Na ce hirar da ma ni nake yin ta. Ta yi dariya. Na shiga kicin na daɗe ina wanke tukunyar da take a wanke.

Tun Juma'a babu wata sabuwa.

Litinin, da sassafe

Na kai masa shayi kafin yara su fara zuwa. Ya karɓa ya ajiye a kan kujera bai sha ba, ya kama bakin zanena da hagu. Akwai abin da yake son gaya min. Ba kofi ba ne, ba cokali ba, wani dogon abu ne, na gan shi cike da idonsa. Na zauna a gefen gadon, na ba shi kafaɗa, na sa ido a taga.

Ya yi ta fama. Na ji yara sun taru a baranda, na ji sun fara faɗa a kan benci, ban tashi ba. Ina da zato guda goma a kan abin da yake nufi, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙaya. Can ya saki zanen, ya sauke kai a kafaɗata. Bai fito ba.

Shayin ya huce. Muka raba shi a haka, ya kurɓa in kurɓa.

Gobe ma zan kawo shi da zafi.